Jajiberen Baruk Siyahu

Tun da Nazli ta yi aure, mahaifinta Baruk Siyahu bai taɓa sa loma a bakinsa a gidanta ba, ita ma ba ta ƙara ci daga tukunyar gidansu ba. Kuma ba faɗa aka yi ba, kada wani ya ɗauki alhakinsu. Baruk maƙerin zinariya ne a unguwar Yahudawa ta Alƙahira, Bakara'e ɗan Bakara'e, irin mutanenmu Kara'awa da ba su san wani littafi ba bayan Attaura da na annabawa. Nazli kuwa ta je ta gano Nisim, ɗan Rabbanawa, waɗanda suka yi ta jibga littattafan malamansu a kan Attaurar har da ƙyar kake hango ta. Aka yi surutu, aka yi koke-koke, da aka gaji aka ɗaura aure. Bayan ƙura ta lafa, abin da ya rage a tsakani shi ne tukunya. Su ba sa cin yankanmu, wai ba mu iya riƙe wuƙa ba. Mu ba ma cin kitsen wutsiyar rago, su kuwa har lashe yatsa suke yi. In nama ya gifta kusa da nono a gidansu, ranar babu mai zaman lafiya. To, in Baruk ya je Iskandariyya, inda mijin ya kai ta, sai ya sha gahawa ya ce a ƙoshe yake. In ita ta zo Alƙahira sai ta ce ta ci a jirgi. Shekara goma da wani abu uba da 'ya suna yi wa juna ƙaryar ƙoshi.

Sai matarsa Sultana ta rasu. Sai kuma aka shiga shekarun nan da Yahudawa ke ɗaure kaya suna barin Masar, yau ka gaisa da maƙwabci gobe ka ga wani ne ke shanya a barandarsa. Baruk ya ce shi ba inda za shi, kabarin Sultana yana nan, ƙafafunsa kuma sun tsufa da koyon sabon titi. Ya koma cin abinci a tsaye a bakin murhu, don zama a tebur shi kaɗai yana sa shi jin kamar zaman makoki yake.

Wata safiya mai sayar da yadi na maƙwabtan shagonsa ya leƙo ya ce ana kiransa a waya. Nazli ce. Ta ce takardunsu sun fito, jirgin ruwa zai ɗauke su ranar Alhamis mai zuwa zuwa Marsiliya, can ƙetaren teku, ita da Nisim da mahaifiyarsa. Ba ta buƙatar gaya masa cewa irin wannan tafiya ba a dawowa, kowa ya sani.

"Baba, za ka zo?"

"Zan duba," in ji shi, ya ajiye wayar.

Da ya duba lissafin wata sai ya ga Alhamis ɗin ita ce Kippur, Ranar Kafara, ranar babban azumi. Har ya tausaya musu, ya ce kai, hukuma ba ta tambayar Bayahude ranar da ta yi masa. Amma a ciki ya ga wata ƙofa. Laraba ke nan jajibere, ranar da uba ke zama da 'ya'yansa a ci a ƙoshi kafin rana ta faɗi, ya ɗora musu hannu a ka ya sa musu albarka. Ya rantse a ransa cewa Nazli ba za ta bar Masar ba sai sun ci daga kwano ɗaya, ko da sau ɗaya ne.

Ya yi dabara irin ta mutumin da ya daɗe yana tunanin abu. Ya sayo sabuwar tukunya dal, wadda ba ta taɓa ganin nama ko nono ba, don kada surukar Nazli ta sami abin cewa. Ya naɗe shinkafa a ganyen inabi da man zaitun da lemon tsami, yadda Sultana ke yi. Yatsun da ke iya zare zinariya ta yi siririn gashi suka kasa naɗe ganye, rabi ya fashe a tukunya, ya tsince masu kyau. Ya dafa ƙwai. Ya gasa ka'ak, zoben gurasar nan mai riɗi da Nazli ke sata tana yarinya. Ya jera a kwando ya rufe da farin ƙyalle. Bai gaya wa kowa zai je ba, wai so yake ya ga fuskarta.

Abin da ya manta kuwa, abu ne da ko jaririn Bakara'e ya sani. Mu da ganin jinjirin wata muke kama kwanan wata, su Rabbanawa da lissafin da malamansu suka ajiye tun zamanin da. Wata shekara mu haɗu, wata shekara su riga mu da kwana. Da can ba sai ya tambaya ba. In lungun Rabbanawa ya cika da kukan kaji da cinikin kyandir, ka san gobe azuminsu. Yanzu lungun ba kowa sai baƙi. Bara kuma rana ɗaya aka yi, sai tsohon ya ɗauka abin ya zauna haka.

Ranar Laraba ya kama jirgin ƙasa na safe, kwando a cinya. Bai karya ba, bai sayi komai a hanya ba, yana tanadin cikinsa. Ya sauka Iskandariyya da azahar, ya hau keken doki har ƙofar gidan benen da suke haya. Abduh mai gadi, wani dogon mutumin Nuba, yana zaune a kan benci yana gyangyaɗi.

"A'a, Baba Baruk. Sannu da hanya. Yau kai kuma a keke? Ga kuma ƙamshi yana binka."

"Suna sama?"

"Wane sama? Tun safe suka tafi majami'a da fararen kaya. Ai yau babban azuminku ne, tun jiya da magariba ko ruwa ba su sha ba." Ya kalli kwandon, ya kalli tsohon. "Ko kai an yafe maka ne saboda tsufa?"

Baruk ya tsaya riƙe da kwando kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi. Ba sai an yi masa bayani ba. Sun riga da kwana. Nasu azumin zai ƙare yau in taurari sun fito, nasa zai fara yau in rana ta faɗi. Ya juya lissafin ta nan, ya juya ta can, ko zai sami ɗan tsakani da zai isa loma ɗaya. Babu.

"Ajiye min wannan," ya ce da Abduh. "Ina majami'ar take?"

Bai taɓa shiga majami'ar Rabbanawa ba. A bakin ƙofa ya sunkuya ya tuɓe takalmansa, yadda muke yi, ya shiga da su a hannu. Sai ya ga ba darduma, ba masu durƙuso, kujeru ne a jere kamar ɗakin jiran jirgi, maza sun lulluɓa da fararen mayafai suna rangaji. Kujerun ma rabi ba kowa. Wani dattijo ya kalli ƙafafunsa ya raɗa wa na kusa da shi, suka yi murmushi. Kalmomin addu'ar ya san da yawa daga cikinsu, amma an jera su ba yadda ya saba ba, duk inda ya buɗe baki zai kama sai su karkata wani wajen. Ya haƙura ya jingina da ginshiƙi, yana ɗaga kai wajen benen mata. Bai taɓa jin kaɗaici irin na cikin wannan taro ba, ga Yahudawa ko'ina, ga shi shi kaɗai ne ba ya cikin ranar.

Ita ta fara ganinsa. Bai ankara ba sai ya ji an ja hannun rigarsa a tsakar gidan majami'ar, inda ya fita shan iska. Nazli ce cikin farar riga, leɓɓanta sun bushe.

"Baba, yaushe ka zo? Me ya sa ba ka..." Sai ta tsaya. Ta tashi a gidan Kara'awa, ba ta manta lissafin ba. "Gobe ne naku."

"Gobe ne Kippur," in ji shi.

"Ka ci wani abu?"

"A ƙoshe nake."

"Ka daina, Baba. Yau dai ka daina. Ga fuskarka nan." Ta leƙa ciki ta yi wa mijinta alama, ta kama hannun mahaifinta. "Mu je gida ka ci kafin rana ta faɗi."

Gidan ya riga ya zama kango. Akwatuna a ɗaure a bakin ƙofa, an sayar da kujeru da gado, saura tebur ɗaya da wanda ya saya bai zo ɗauka ba. Ta buɗe kwandon da suka karɓo a wurin Abduh, ƙamshin lemon tsami ya tashi, ta ga ganyen inabin nan da aka naɗe a karkace. Ta daɗe tana kallo.

"Kai ka yi?"

"Sabuwar tukunya ce. Ba nama, ba nono. Ko babban malaminku ba zai sami abin cewa ba."

Ta zuba masa, ta zauna a kan akwati tana fuskantarsa, hannayenta a cinya. Ya ɗauki ɗaya ya kai baki. Ya ƙi wucewa. Wane uba ne zai iya haɗiya 'yarsa na kallonsa da busasshen baki? Ya ajiye.

"Nazli, ɗauki ɗaya."

"Baba, azumi nake."

"Azumin me? Yau tara ga wata. Na ga jinjirin watan nan da idona daga rufin gidanmu, ba wanda ya ba ni labari. Attaura ta ce goma. Ba laifi a kanki ko kaɗan, wallahi ranar banza ce kamar jiya."

Da ya san yadda maganar za ta faɗa da bai yi ba. Fuskarta ta canza.

"Ranar banza. To duk shekarun nan yunwar banza nake sha ke nan?"

"Ban ce haka ba."

"Haka ka ce. Haka kuma kake gani tun ranar da na bar gida, ba ka dai faɗa ba." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta da ƙarfin hakan. "Ni a yau na roƙi gafara, Baba. A yau na ambaci sunan Mama. In na ci wannan, da wace rana zan shiga jirgi?"

Gaskiya ta faɗa, haka yake gani, kuma ko yanzu da take gabansa bai fasa gani ba. Yana son ta kamar ransa, yana kuma da yaƙinin cewa ta yi kuskuren kwana. Ya tura abincin da ƙyar, loma uku ko huɗu, ya sha ruwa yana kau da kai don kada ta ga maƙogwaronsa na motsi. Sannan ya rufe kwanon.

Ba ta koma majami'a ba, ko da yake addu'ar rufewa ce ta rage, wadda ba mai son ta wuce shi. Suka fita baranda. Rana ta gangara bayan gidaje ta wajen teku, ta yi ja, ta nitse. Baruk ya tuɓe takalmansa ya ajiye gefe, azuminsa ya kama. Nata kuma bai ƙare ba sai taurari uku sun bayyana. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, kowa da yunwarsa. Sai can ta ce a hankali, "Ka ga yanzu duk muna azumi."

"Na gani."

Ya ɗora mata hannu a ka ya karanta albarkar da ya zo da ita, bai tambaya ko ta halatta a lissafin wa ba. Ta bar hannun ya daɗe. Da zai iya da ya riƙe sararin nan haka, kada ya ƙara duhu. Amma idonsa idon mai neman wata ne, tun yana yaro ake hawa rufi da shi. Shi ya fara ganin tauraruwa ta farko, sannan ta biyu. Ta ukun ya gan ta sarai a kan hasumiyar wani masallaci, ya kau da kai kamar bai gani ba. Sannan ya nuna da yatsa.

"Ga ukunki can. Je ki sha ruwa."

Ba a jima ba Nisim ya shigo da mahaifiyarsa, Madam Rejina, gajeriyar tsohuwa mai kaifin harshe. Aka kunna fitila, aka hura risho, duk abin da bai halatta Baruk ya taɓa ba a daren. Nisim ya sumbaci hannunsa.

"Baba, ka zo da abinci ranar da ba ma ci, za ka zauna a tebur ranar da ba ka ci. Wallahi ku Kara'awa ko agogo aka ba ku sai kun hau rufi kun duba ko gaskiya ne."

"Ku kuma ko rana ta fito sai kun tambayi malam ko ta halatta," in ji Baruk. Aka yi 'yar dariya, ba ta yi nisa ba.

Madam Rejina ta ɗaga ganyen inabi ɗaya ta juya shi ta shinshina. "A wace tukunya?"

"Sabuwa, Madam."

"Hmm." Ta ci. Ta ƙara ɗauka. "Gishiri ya yi kaɗan. Amma mace ce ta koya maka, ba a banza ba." Ta dube shi ta saman tabarau. "Yanzu kai da girmanka, ka taso tun daga Alƙahira, yarinya za ta tafi gobe, ba za ka sa ko riɗi ɗaya a baki ba? Allah ai ya karɓi na yau, ya rufe littafi. Wa zai sake buɗe maka gobe kai kaɗai?"

"Wanda ya rataye watan," in ji shi.

Nazli ta karya ka'ak ta miƙo masa rabi a kan teburin.

"Baba, ɗazu kai ka roƙe ni. Yanzu ni nake roƙonka."

Ya kalli gurasar. Ba yunwa ce ta dame shi ba, ya saba da ita. Abin da ya hau jirgi dominsa ne ke gabansa, tsawon hannu kawai. Ya ji a ransa cewa in ya karɓa ba wanda zai sani a Alƙahira, waɗanda za su sani ma duk sun watse. Amma shi ya ga watan. Ya sa hannayensa biyu ƙarƙashin tebur ya riƙe ɗaya da ɗaya.

"Ci, 'yata. Ina kallonki, ya ishe ni."

Bai ishe shi ba, ita ma ta san bai ishe shi ba. Ta janye hannunta ta ci, hawaye na sauka a kan riɗin, shi kuma ya zauna da kwano wayam a gabansa har suka gama.

Da safe motar kaya ta zo. Bakara'e ba ya hawa abin hawa ranar Kippur, ba ya zuwa ko'ina sai wurin addu'a, saboda haka rakiyarsa ta tsaya a bakin matakala. Nisim ya ce ya yi magana da Abduh, tsoho zai zauna a gidan har azuminsa ya ƙare. Madam Rejina ta ce masa Allah ya sa a karɓa, ko da a makare. Nazli ta rungume shi ta ƙi saki sai da direba ya yi ta danna oda. Ta sauka, ta sake hawowa da gudu wai ta manta wani abu a ciki, ta fito ta wuce shi ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Ya rufe ƙofa. Masu tebur sun zo sun ɗauke abinsu, ba abin da ya rage sai shi da kwandonsa. Ya fuskanci Urushalima, ya durƙusa a kan daɓen siminti ba darduma, ya kai goshinsa ƙasa. Addu'armu ta amsa-amsa ce, mai ja ya ja, jama'a su amsa. Baruk ya ja baiti, ya saurara bisa sabo, sannan ya amsa wa kansa. Haka ya wuni. A ƙasa gari na ta harkarsa, masu tallan kifi na kira, rediyon wani na waƙa, ko Yahudawan garin sun buɗe shagunansu sun manta da Kippur sai baɗi. Wajen la'asar ya ji kukan jirgin ruwa daga tashar, dogo, sau biyu. Bai san ko nasu ba ne, jirage da yawa ke tashi. Ya tsaya a tsakiyar baiti, ya kasa tuna na gaba, sai da ya koma farko.

Da duhu ya shiga ya tashi da ƙyar, gwiwoyinsa sun ƙage. Ya je ɗakin girki neman ruwa. A kan tagar ya ga ƙaramin faranti an kife shi da kofi don kada tururuwa su hau. Ya ɗaga kofin. Ka'ak ne guda ɗaya, an gatsa rabi an bar rabi, ga shatin haƙora a jiki, har da gurbin ɗan karkataccen haƙorin nan nata na gaba.

Ya ɗauki farantin ya koma inda teburin yake a da, ya zauna a ƙasa, ya tanƙwashe ƙafa. Ya yi addu'ar cin abinci da ƙarfi, yadda ake yi in akwai masu cewa amin. Sannan ya fara daga wajen da ta gatsa, yana tauna a hankali don kada ya ƙare da wuri.